Kakar 2007/2008: Yadda Kofin Kano Ya Kifar da Butar Shayi a Dantchiao

A watan Mayun 2008 ina ɗan shekara shida, don haka ba zan yi muku ƙaryar na kalli wasa ko ɗaya na kakar da zan ba da tarihinta ba. Abin da na riƙe kaɗan ne: zafin bazara, ƴar rediyon yayana da aka ɗaure da roba, da ihun da ya tashi a fadarsu har butar shayi ta kife. Na ruga cikin gida na ce wa Inna gobara ta tashi. Ashe ba gobara ba ce, Kano Pillars ce ta ci gasar Najeriya.

Sai da na girma abin ya fara damuna. Mu fa ƴan Nijar ne, ƴan gundumar Magarya. A wannan shekarar ta 2008 an yi gasa a ƙasarmu, AS Police ta Yamai ta ɗauki kofi, amma ko kofin shayi bai motsa ba a fadar. Me ya sa?

Bari mu fara da Kano. Kafin Pillars akwai Raccah Rovers, wadda ta ci gasar Najeriya a 1978. Daga nan kofi ya yi wa birnin ƙaura. Ya zaga Inugu, Ibadan, Legas, Owerri, Fatakwal da Aba. Sau biyu ya haura jihar Binuwai, BCC Lions ta Gboko a 1994 da Lobi Stars ta Makurdi a 1999, amma bai ƙaraso ƙasar Hausa ba. Ita Pillars an kafa ta a 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru, da aka haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Shekara goma sha takwas ta yi tana nema. In ka lissafa daga Raccah Rovers kuwa, shekara 30 cif Kano ta yi ba kofin gasa. Yaron da aka haifa ranar murnar 1978 har ya yi aure ya haihu kafin a sake yin wata.

Kakar 2007/2008 ƙungiyoyi 20 ne suka buga ta, kowacce wasa 38, 19 a gida, 19 a waje. An fara a ƙarshen damina aka gama a Mayu, irin jadawalin Turai. Enyimba ta Aba ce ke riƙe da kofin. Wanda ya saba da kallon gasar Ingila a gidan kallo ba zai gane lissafin wannan gasa ba sai an warware masa, domin a Najeriya ta lokacin cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske. Ƴan wasa su kwana biyu a mota daga Kano zuwa Yenagoa ko Fatakwal, su sauka ƙafa a kumbure, su tarar da fili na masu shi, ƴan kallo na masu shi, sau da yawa alƙalin wasa ma yana tsoron masu shi. Saboda haka kowace babbar ƙungiya tana shiga kaka ne da niyyar ta cinye wasanninta na gida. Wasa 19 sau maki uku, maki 57 ke nan. Abin da ke raba na ɗaya da na biyar shi ne ɗan tsintar da aka yi a waje: canjaras a nan, ci ɗaya mai ban haushi a can.

A wannan lissafi Pillars ta fi kowa jari. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama ramin kura. Tun 2003 ba wanda ya ci ta a gida a wasan gasa, kuma haka aka tafi har watan Agustan 2015, ranar da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1. Shekara 12, wasa fiye da 200. Magoya baya suna faɗar wannan da alfahari. Ni ma na daɗe ina faɗarsa haka. Yanzu dai nakan ɗan yi jim, don tarihi irin wannan yana nuna ƙarfin ƙungiya, yana kuma nuna ciwon gasar da take ciki.

Mai horar da ita a kakar shi ne Kadiri Ikhana, mutumin Edo, tsohon ɗan wasan Bendel Insurance, yana cikin waɗanda suka ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980. Shi ne kuma ya kai Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003, karon farko da wata ƙungiyar Najeriya ta yi hakan. Ba yaro ba ne a harkar. Heartland ta Owerri, wadda a da ake kira Iwuanyanwu Nationale, ta matsa masa lamba har ƙarshe, Bayelsa United na biye, tazarar kuma ba yawa. Pillars ta ƙare a sama, Heartland ta biyu, Bayelsa ta uku.

Ga wurin da masu ba da labari suka fi tsallakewa. Ba a rufa mako da cin kofin ba Ikhana ya ajiye aiki, ya ce cin hanci ya yi wa ƙwallon ƙasar katutu. Ku duba fa, wanda ya ci ne yake faɗa. Da wanda aka kora zuwa rukuni na biyu ne, sai a ce zafin faɗuwa ne. Yayana ya ce a fadarsu ba wanda ya so a tada maganar, ana cikin daɗi.

Shekarar da ta biyo baya ita ta wanke ƙungiyar a idon masu cewa kurar gida ce kawai. A gasar zakarun Afirka ta 2009 Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. Aka yi 1 da 1 a Najeriya, kowa ya ce shi ke nan. Aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje. Ta fito daga rukunin da ke da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wa ta tarar a can? Heartland dai. Aka zuba mata huɗu a Owerri, aka ƙara ɗaya a Kano. Bayan haka sai zamanin Ahmed Musa da ƙwallayensa 18 a kakar 2009/2010, sai kofuna uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Amma duk waɗannan rassa ne, 2008 ce saiwa.

To, mu dawo kan butar shayi. Amsa ta farko kowa ya san ta: nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga wajenmu zuwa Kano ta hanyar Ɓaɓura bai kai 200 ba. Naira na yawo a kasuwanninmu tare da sefa, samarinmu na ci-rani Kano suke nufa, su dawo da riga mai ruwan ɗorawa da labarin Ƙofar Mata. Gaskiya ne. Amma ni ɗalibin harshe ne, kun san halinmu, kuma ina ganin nisan kunne ya fi nisan ƙafa.

Wasan Pillars da Hausa ya iso mana, ta gidajen rediyon Kano da Kaduna. Kuma Hausa ce da ta zauna ta yi wa ƙwallo sutura. Mai tsaron gida, ƴan baya, ƴan gaba, satar gida, bugun kusurwa, kunnen doki. Fenariti kuwa aka ce masa bugun daga kai sai mai tsaron gida, jimla sukutum ta zama suna ɗaya, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin fili ba ta gane abin da ake nufi. Kalmar "kaka" ma ku dube ta. Kaka lokacin girbi ne, lokacin da manomi ke sanin abin da wahalarsa ta haifa. Wanda ya fara cewa "kakar wasa" ya aro ta daga gona, kuma ta zauna daram, don maki ma tara su ake kamar dammunan hatsi. Mu kuwa a filin lakwal abin da muka tashi da shi gardiyan ne, da arbit, da mitan, da ekip. Ba laifi ba ne, aro halal ne a kowane harshe, Hausar Kano ma cike take da koci da gola. Bambancin shi ne, tasu ta hau rediyo ta yi kirari, tamu ta tsaya a bakin yara, labarin gasar ƙasa kuma ya fi zuwa da Faransanci.

Sunan ƙungiyar kansa Ingilishi ne, ma'anarsa ginshiƙai. Ba wanda ya damu, domin jama'a sun raɗa mata nasu: Sai Masu Gida. Wannan "sai" ɗin shi ne na filin siyasa da na dandalin dambe, mai kore kowa ya bar ɗaya. "Gida" kuma a bakin ɗan ƙwallo fuska uku gare shi: garinku gida ne, filinku gida ne, ragar da kuke tsaro ma gida ce. Kalma uku sun faɗi dabarar kakar 2008 gaba ɗaya. Kuma kirarin bai ce Kanawa ba, bai ce ƴan Najeriya ba. Duk mai jin Hausa yana iya shiga ciki ba a tambaye shi katin ɗan ƙasa ba.

Yanzu ku karanto zakarun Nijar na shekarun nan ku ji: AS FAN ta sojoji, AS Police ta ƴan sanda, AS Douanes ta duwan, AS GNN ta gardi, US GN ta jandarmomi, SONIDEP ta kamfanin mai, NIGELEC ta kamfanin wuta. Ƴan wasan ba su da laifi, suna buga ƙwallo mai kyau, kuma hukumomin nan su ke biyan albashin da wani bai iya biya. AS FAN har ta kai zagayen rukuni a kofin CAF na biyu a 2010. Amma don Allah, ɗan Dantchiao da ke tsallaka iyaka da buhu biyu a kan babur, ta yaya zai buɗe baki ya yi wa duwan kirari?

Wani zai ce ai Pillars ma ta gwamnatin jihar Kano ce. Haka ne, kuma nan ne misalin Japan ya yi mini amfani. Kafin 1993 gasarsu ta kamfanoni ce, ƙungiyar Nissan, ta Toyota, ta Mazda, ma'aikata na bugawa fili ba kowa. Da suka buɗe J.League ranar 15 ga Mayun 1993 da ƙungiyoyi goma, kamfanonin ba su janye kuɗinsu ba, amma aka ce suna na gari ne. Ta Nissan ta koma Yokohama Marinos, ta Toyota ta koma Nagoya Grampus, ta Mazda ta koma Sanfrecce Hiroshima. Wannan na ƙarshen ya burge ni: "san" uku ne da Japananci, "frecce" kibiyoyi ne da Italiyanci, an ɗauko shi daga labarin wani basaraken yankin da ya nuna wa ƴaƴansa uku cewa kibiya uku a haɗe ba ta karyuwa. Kashima ƙaramin gari ne na masana'antar ƙarfe, suka kawo Zico na Brazil, yau ƙungiyarsu ta fi kowacce yawan kofin gasar. A Hiroshima ɗin nan ne Peter Utaka na Najeriya ya yi kunnen doki a saman masu cin ƙwallo a 2016. Mai biyan kuɗi daban, mai suna daban, kuma jama'a mai suna suke bi.

Abin haushin shi ne mu ma mun taɓa yi. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ce zakarar Nijar. A 1984 Espoir ta Damagaram ce. Daga nan kofin ya koma Yamai bai sake fitowa ba. Ku lura da shekarar: 1984 ce ta fari da yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari, saboda gwamnatin Buhari ta rufe iyaka a watan Afrilun shekarar, hatsi ya daina shigowa, ba a buɗe ba sai 1986. Shekarar da jiharmu ta ɗauki kofinta ɗaya tilo, mutanen Magarya da Dungas na neman abin da za su sa a tukunya. Ina zargin shi ya sa yunwar ta samu suna da tarihi a bakin kowace tsohuwa, kofin kuwa ko a fadar ƴan ƙwallo sai ka tambayi mutum goma kafin ɗaya ya ce ya taɓa ji.

Ita ma Pillars ba ta dawwama a sama ba. A 2022 magoya bayanta suka farfasa motar Katsina United, aka zabge mata maki, ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar. Masu gida ne da kansu suka ci gida. Ta dawo a 2023. A tsakanin nan ƙannenmu sun koma Barcelona da Real Madrid, suna musu a gidan kallo kan garuruwan da ko a taswira ba za su nuna ba, kuma da Hausar nan ta rediyon Kano suke yin musun.

Waɗanda suka buga wa Espoir a 1984, da waɗanda suka tsaya a bakin fili suka kalla, yanzu sun haura sittin. Ƴan'uwa na Birni da Zango da Sabon Gari, kowa a cikinku yana da waya mai ɗaukar murya. In an tafi hutu ku zauna da baba ko kawu, ku tambaye shi wa ya tsare gida, da wa aka buga, a wace mota aka je Yamai, da wane kirari aka yi musu. Ku ɗauko da Hausar da ya faɗa, kar ku gyara masa. Ni na ɗauki nauyin rubutawa, kuɗin fotokofi kuma mu yi karo-karo kamar na wannan fitowar.