Jamshedji Tata: Attajirin da Ya Nemi Ƙarfe da Ilimi a Ƙarƙashin Tutar Ingila

A yau za mu tsallaka teku zuwa Indiya. Yawancinmu a goshin mota muka san sunan Tata, a jikin bas-bas da manyan motocin dakon kaya. To, sunan mutum ne, kuma mai shi ya bar duniya tun gidansa bai narka ƙarfen da zai isa ƙusa ɗaya ba.

An haifi Jamshedji Nusserwanji Tata ranar 3 ga Maris 1839 a garin Nabsari da ke yankin Gujarat. Danginsa Farsiyawa ne, mabiya addinin Zaradusht, waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura daga Farisa fiye da shekara dubu da suka wuce. Gidansu gidan limaman addinin nasu ne kaka da kakanni, sai mahaifinsa ya kauce ya kama fatauci. Yana da shekara 14 ya bi uban zuwa Bambai, wadda yau ake kira Mumbai, ya shiga kwalejin Elfiniston, ya gama a 1858. A shekarar ce Turawa suka ƙarasa murƙushe babban boren 1857, mulkin Indiya ya koma hannun masarautar Ingila kai tsaye.

Masu yabo kan yi saurin tsallake mafarin dukiyar, mu kuwa za mu ɗan tsaya. Kamfanin mahaifinsa yana cikin masu safarar kaya zuwa ƙasar Sin, kuma a cikin kayan har da ofiyom, ƙwayar nan mai sa maye wadda Ingila ta yaƙi Sin a kanta. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, audugar can ta yanke wa masaƙun Ingila, farashin ta Indiya ya yi tashin gwauron zabi. Yaƙi na ƙarewa a 1865 kasuwa ta rushe, attajiran Bambai suka yi ta karyewa, gidan Tata ma bai tsira ba. Abin da ya taimaka ya tashe su shi ne kwangilar ciyar da rundunar da Ingila ta tura Habasha a 1867 zuwa 1868 don yaƙar Sarki Tewodoros. A 1868 ɗin ne Jamshedji ya kafa kamfanin kansa da jarin rufi 21,000.

Ya je Lankasha ya ga yadda ake saƙa audugar Indiya a mayar wa Indiyawa ita da tsada. Da ya tashi gina babbar masaƙarsa sai ya bar Bambai, inda kowa ke ginawa, ya nufi Nagpur a tsakiyar ƙasa. An yi masa dariya. Shi kuwa ya lura cewa auduga a nan ake nomanta, ga kwal kusa, ga layin dogo ya iso. Aka buɗe ta ranar 1 ga Janairu 1877, ranar da aka ayyana Sarauniya Biktoriya a matsayin mai sarautar Indiya, ya kuma raɗa mata suna Empress don girmama ranar. Bayan kimanin shekara goma ya sayi wata masaƙa da ta durƙushe a Bambai, ya sa mata Swadeshi, wato "na ƙasarmu". Sunayen nan biyu sun isa su nuna mana mutumin: yana gaida mai mulki, yana kuma zama da masu kishin ƙasa irin su Dadabhai Naoroji. A masaƙunsa ya kafa wa ma'aikata asusun fansho tun 1886, da diyyar haɗari a 1895, alhali ba wata doka da ta tilasta masa.

Gaisuwar ba ta hana a taka shi ba. A 1893 ya haɗa kai da wani kamfanin jiragen ruwa na Japan don karya kamfanin P&O na Ingila, wanda ya mamaye dakon kaya zuwa gabas yana tsawwala kuɗi. P&O ya karya farashi har ƙasa, aka kuma baza jita-jitar cewa jiragen Tata ba su da aminci, dole ya janye da asara. A 1896 gwamnati ta ɗora harajin kashi 3.5 cikin ɗari a kan yadin da masaƙun Indiya ke saƙawa, don kada ya fi na Lankasha arha. Masu masaƙun Lankasha ɗin nan su ne suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, wadda daga baya ta zo neman audugar ƙasar Hausa.

Kyautarsa ma ta sha bamban da ta attajiran zamaninsa. A ganinsa masu ciyar da mabukata suna da yawa, abin da ƙasa ta rasa shi ne mai ɗaga haziƙai su kai inda za su amfane ta. Ana iya yi masa gardama a nan, domin Indiya ta sha yunwa mai tsanani a shekarun 1896 zuwa 1900, kuma mai jin yunwa ba ya jiran ɗalibi ya dawo daga Landan. Amma a kan ra'ayinsa ya tsaya. A 1892 ya kafa asusun tura ɗalibai karatu waje a matsayin rance, cikin na farko har da mata masu karatun likita. K. R. Narayanan, wanda ya zama shugaban Indiya a 1997, yana cikin waɗanda asusun ya ɗauka daga baya.

A 1898 ya ware gidaje da filaye na rufi miliyan 3, kusan rabin abin da ya mallaka, don kafa cibiyar binciken kimiyya. Sabon wakilin Sarauniya, Lord Curzon, ya tarbi maganar da shakka: ina za a samo ɗaliban, in kuma sun gama wa zai ba su aiki? Aka yi ta jan ƙafa. Masarautar Maisur ta ba da fili eka 371 a Bangalor, amma sai a 1909 aka amince, ɗalibai suka fara shiga a 1911. C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1930, shi ne Ba'indiye na farko da ya shugabance ta.

Cikin manyan burikansa, otal ɗin Taj Mahal na bakin tekun Bambai kaɗai ya gani da idonsa. An buɗe shi a Disamba 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa.

Saura ƙarfe, wanda ya fi ci masa rai. A 1902, da tsufansa, ya je har Fitsbag a Amurka ya duba masana'antu, ya ɗauko injiniya Charles Page Perin. An ruwaito cewa wani babban jami'in jiragen ƙasa, Sir Frederick Upcott, ya yi ba'a cewa zai cinye duk ƙarfen dogon da Indiyawa suka iya ƙerawa. Jamshedji ya rasu ranar 19 ga Mayu 1904 a Bad Nauheim ta Jamus, aka binne shi a Ingila. Ɗansa Dorabji ya ɗauki aikin. Da masu kuɗin Landan suka noƙe, sai ya juya ga mutanen gida a 1907, daidai lokacin da guguwar ƙaurace wa kayan Ingila ke kaɗawa. Cikin mako uku Indiyawa kimanin 8,000 suka sayi hannun jari, kuɗin ya cika. Aka zaɓi ƙauyen Sakchi, kusa da mahaɗar kogunan Subarnarekha da Kharkai, ƙarfen farko ya fito a 1912.

Da yaƙin duniya na farko ya zo, Ingila ta koma dogaro da masana'antar da aka yi wa ba'a: ƙarfen dogo na kimanin mil 1,500 ta aika fagagen yaƙi, har da Iraƙi da gabashin Afirka. A 1919 wakilin Sarki, Lord Chelmsford, ya zo da kansa ya sauya wa Sakchi suna zuwa Jamshedpur. Shekara guda bayan haka ma'aikatan masana'antar suka shiga yajin aiki kan albashi, aka turo sojoji, aka buɗe wuta, wasu daga cikinsu suka rasa rayukansu.