ƘARYA FURE TAKE: TARIHIN WATA BISHIYA DA MUKA RAINA

Kwanakin baya wata ƙawata da ke aure a Ingila ta turo min hoton wata bishiya da ke ƙofar gidanta, ta yi fure fari da ja-ja tun daga ƙasa har sama, babu ganye ko ɗaya a jikinta. Ta ce sunanta magnoliya, an raɗa mata sunan wani masanin tsirrai Bafaranshe, Pierre Magnol, a 1703, kuma da sanyi ya wuce take fure kafin ganye ya fito. Sai ta ƙara da cewa wai ai Bahaushe bai san shuka abu don ado ba, sai abin da zai kai baki. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, domin ina ganin hoton sai na tuna tsakar gidan kakata a Gwaram.

A gindin katangar Iya akwai wata guntuwar bishiya mai ƙaton gindi kamar tulu. Da damina ba mai kallonta, amma da rani ya tsananta, ciyawa ta bushe, sai ta zubar da ganye ta ɓarke da fure ja mai farin ciki. Wata rana na ce, "Iya, wannan ba a ci, ba ta inuwa, me ya sa ba za a sare ta ba?" Ta harare ni ta ce, "Ke 'yar nan, ido ma ai yana da nasa abincin. Kuma kada in ƙara ganin hannunki a jikinta, ruwanta dafi ne." Sunan bishiyar ƙarya, kuma da ita Hausawa suka yi wasa da harshe suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

To mai karatu, bishiyar da ta shiga karin magana ai ba baƙuwa ba ce. Ƙarya 'yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a busassun wurare da cikin duwatsu tun daga Senegal, ta ratso ƙasar Hausa, har Sudan da kudancin ƙasar Larabawa. Danginta ɗaya da tumfafiya da ƙwanƙwani, kuma kamar ƙwanƙwani, maharba a sassan Afirka sun yi amfani da ruwanta wajen dafin kibiya.

A can ƙasar Larabawa Turawa suka rubuta ta. A 1761 Sarkin Denmark ya tura ayarin masana zuwa Yaman, cikinsu akwai wani matashi mai suna Peter Forsskal, ɗalibin shahararren masanin nan Linnaeus. Shi ya bayyana kamanninta, amma bai koma gida ba, ciwo ya kashe shi a garin Yarim a 1763. Mutum ɗaya ne tak ya tsira a ayarin, Carsten Niebuhr, shi ya buga rubuce-rubucen abokin tafiyarsa a 1775. Sai a 1819 aka ba ta sunan da masana ke kiranta da shi yau, Adenium, daga sunan Aden.

A nan wajenmu kuwa, wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a ƙasar Katagum, maƙwabciyar Gwaram, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma ƙarya tana ciki da sunanta na Hausa. Kenan ya tarar da ita da sunanta, ba shi ya kawo ta ba. Haka kuma ta girmi darbejiyar da ta cika titunanmu, wadda asalinta daga Indiya ne, sai a zamanin mulkin mallaka aka yaɗa ta a Arewa. Gaskiya ne masu magani suna taɓa ƙarya, amma Iya ba mai magani ba ce, furen take so. Kuma wanda ya je Birnin Kudu ya ga shanun da mutanen da suka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, ya san son kyakkyawan abu ya daɗe a ƙasar nan.

Shin da gaske ba ta 'ya'ya? Tana yi jefi-jefi, kwanso biyu kamar ƙahon sa, da iri mai gashi irin na tumfafiya. Sai dai ta cikin gida galibi reshe ake yankowa a dasa, ita kaɗai a tsakar gida, shi ya sa da wuya a ga 'ya'yanta.

Abin takaicin shi ne, yau manoman furanni a Tailan da Taiwan sun ɗauke ta, suna yi mata aure kamar yadda muke yi wa mangwaro, suna fitar da launi iri-iri suna sayar wa duniya. Mu kuwa da aka raba gadon gidan Iya, magina suka tumɓuke tata a wuni ɗaya don a zuba harsashin shago. Bayan shekaru na tsaya wajen masu sayar da furanni a Kano, na ga irinta a tukunyar roba, mai sayarwa yana rantse min cewa 'yar waje ce.

Wanda ke son dasawa, abin ba wuya. A yanko reshe mai ƙwari lokacin zafi, a ajiye shi a inuwa kwanaki kaɗan har bakin yankan ya bushe, sannan a dasa a ƙasa mai yashi, irin jigawar da jiharmu ta samo suna. Kada a sa ta a fadama ko kusa da magudanar ruwa, domin yawan ruwa ke ruɓar da saiwarta. Rana take so sosai, ban-ruwa kuwa sai ƙasa ta bushe. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ruwanta, kada ya shiga ido ko baki, a kuma dasa ta inda yara da dabbobi ba sa kaiwa.

Magnoliyar ƙawata sanyi take so da ƙasa mai danshi, ba za ta jure bazararmu ba. Ni dai na samo reshe a wani tsohon gida a Birnin Kudu na dasa, bana ya yi fure bakwai, na ɗauki hoto na tura mata. Allah ya jiƙan Iya, ya haɗa mu da alherinsa.