Gishirin Zaman Duniya: Ilimi, Hankali da Lafiya

Bahaushe ya ce ilimi gishirin zaman duniya. Duk mai son gane wannan magana sai ya bi sawun kalmomin da muke faɗi kullum.

Karatu, ilimi da tarbiyya duk daga Larabci suka shigo mana, amma kowace da aikinta. Karatu daga ƙira'a yake, shi ya ba mu makaranta. Ilimi tushensu ɗaya da malam. Tarbiyya kuwa asalinta reno ne, yadda ake renon yaro har ya zama mutum. Shi ya sa tsohuwa za ta kalli mai digiri ta ce, "Ya dai yi karatu." Ta ga takardar, tana jiran ta ga amfaninta a halinsa da a gidansa.

Lafiya ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gida, daga al-afiya. A bakinmu ta wuce rashin ciwo: da ita muke amsa gaisuwa, da ita muke kiran zaman gari in babu fitina. Amma kalmar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce hankalin kansa, wanda ya samo asali daga aƙal. Shi ake cewa yaro ya yi in ya fara sanin daidai. Shi ne kuma yake tashi in masifa ta zo, ya kwanta in an samu sauƙi. Ashe abin da ilimi yake wasawa da abin da jin daɗi yake kwantarwa duk abu ɗaya ne a harshenmu.

Sai boko. Mutane da yawa sun ɗauka daga Turanci ta fito, amma a 2013 masanin Hausa Paul Newman ya kawo hujjar cewa kalmar gida ce mai nufin jabu, kamar amaryar boko da ake lulluɓewa a madadin ta gaskiya. Da wannan ido iyaye da yawa suka kalli makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Suna tsoron ilimin da zai ba yaro albashi ya raba shi da tarbiyya. A shekarun 1950 kuwa, karatun manya a Arewa sunansa Yaƙi da Jahilci, domin an gane rashin sani ya fi dare duhu.

Na taɓa ganin wata uwa a kemis, ɗanta a goye jikinsa zafi rau. Ta karɓi kwalbar magani, ta bi rubutun da yatsa, ta ce wa mai shagon, "Malam, wannan ai kwanan watansa ya wuce." Aka canza mata. Ajin dare kawai ta yi, amma ta koma gida hankalinta kwance. Gishiri kaɗan ake sawa a miya, kuma ranar da babu shi kowa sai ya ji a bakinsa.