Nachos: Daga Kicin ɗin Bakin Iyaka Zuwa Garwashin Daji

Abincin nan da Amurkawa ke kira nachos, wanda suke ci da hannu a filin wasa, a gidan silima, da kuma bakin wuta idan sun fita kwanan daji, bai cika shekara ɗari a duniya ba. An san garin da aka fara yinsa, an san gidan abincin, an san sunan mutumin da ya haɗa shi. Ba kasafai tarihin abinci ke zuwa da irin wannan shaida ba. Wa zai iya nuna mana matar da ta fara tuƙa tuwo?

Garin shi ne Piedras Negras, a jihar Coahuila ta arewacin Meziko, a bakin kogin Rio Grande. Daga tsallaken kogin ga Eagle Pass ta jihar Tekzas, gada ce kawai tsakaninsu. Tun da yarjejeniyar 1848 ta mai da kogin iyakar ƙasashen biyu, Amurka ta kafa barikin soja na Fort Duncan a nata gefen a 1849, shekara guda bayan haka aka kafa Piedras Negras a ɗaya gefen. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka buɗe sansanin horar da matuƙa jiragen yaƙi kusa da Eagle Pass, garin ya cika da sojoji da iyalansu, kuma tsallaka gada don yin cefane da cin abinci a gefen Meziko ya zama abin yau da kullum.

A wani gidan abinci mai suna Victory Club akwai wani shugaban masu hidima, Ignacio Anaya, haifaffen jihar Chihuahua a 1895. A can duk mai suna Ignacio akan kira shi Nacho. Ruwayar da ta fi yawo ta ce a 1943 wasu mata, matan hafsoshin Amurka, suka shigo a lokacin da mai dafa abinci ba ya nan. Wata ruwayar ta ce a 1940 ne, kuma mace ɗaya ce daga cikin masu zuwa gidan a kai a kai ta nemi a kawo mata abin taɓawa da ba ta saba ci ba. Duk ruwayoyin sun haɗu a kan abin da Anaya ya yi: ya shiga kicin da kansa, ya yanka tortiya gida-gida mai kusurwa uku, ya soya, ya barbaɗa cuku a kan kowane yanki, ya kara shi a wuta har cukun ya narke, sannan ya ɗora yankan barkonon jalapeño da aka jiƙa a ruwan tsami. Shi ke nan. Babu nama, babu wake, babu komai. Aka sa wa abincin sunansa, Nacho's especiales, daga baya baki ya gajarce shi.

Abu uku ne kacal, amma kowannensu ya yi doguwar tafiya kafin su haɗu a faranti ɗaya. Tortiya gurasa ce siririya ta ƙullin masara, ita kuwa masara a kudancin Meziko aka fara nomanta, a kwarin kogin Balsas, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Mutanen wannan yanki sun gano wata dabara: su tafasa ƙwayar masara da farar ƙasa ko toka, su bar ta ta kwana a ruwan, su wanke dusar, sannan su niƙa ta a dutse. Wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo ya miƙu ba tare da ya farfashe ba, kuma shi ke sakin wani sinadarin gina jiki da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Da Turawa suka kwashi masara zuwa sauran duniya bayan 1492, irin suka ɗauka, dabarar suka baro, shi ya sa cutar fatar nan ta pellagra ta addabi talakawan arewacin Italiya da jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka dogara da masara zalla. Masarar da muke gasawa da damina, da barkonon da ke cikin miyarmu, duk daga nahiyar Amurka suka iso mana. Jalapeño ya samo sunansa daga birnin Xalapa na jihar Veracruz. Cuku kuwa baƙo ne a can, domin babu saniya ko ɗaya a nahiyar sai da mutanen Sifen suka tsallako da shanu. Wanda Anaya ya yi amfani da shi ma ba na Meziko ba ne, irin rawayan nan ne na Amurka da ake samu a shagunan bakin iyaka. Don haka har yau in ka shiga can ƙuryar Meziko za ka ji ana ce wa nachos abincin Amurkawa, alhali a ƙasarsu aka haife shi.

Anaya bai yi arziki da abin ba. Ya koma aiki a gidan abinci na Moderno a garin, daga baya ya buɗe nasa, ya sa masa suna Nacho's. A 1954 wani littafin girke-girke da wata majami'a ta Eagle Pass ta buga ya kawo yadda ake haɗa abincin tare da ambaton sunansa. Ɗansa ya je wurin lauya a San Antonio a 1960 don a yi wa abincin rajista, aka ce masa lokaci ya ƙure, ya riga ya zama na kowa. Anaya ya rasu a 1975. Piedras Negras ta kafa masa allon tagulla, tana kuma yin bikin nachos kowane watan Oktoba.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa abincin ya sake kama. Wani ɗan kasuwar San Antonio, Frank Liberto, ya fara sayar da shi a filin wasan Arlington, inda ƙungiyar Texas Rangers ke buga wasanta a wancan lokacin, a 1976. Matsalarsa a fili take: cuku na gaskiya yana narkewa ne in ya ji wuta, da ya huce sai ya daskare ya yi tauri, kuma ba za ka iya gasa faranti ɗaya-ɗaya ga dubban 'yan kallo ba. Sai ya fito da romon cuku na gwangwani, mai sinadarin da ke hana shi daskarewa, wanda yaro zai kwarara a kan tortiyar kamfani cikin ƙiftawar ido. Yajin barkonon kuma ya sa mutane ƙishirwa, cinikin lemo ya ƙaru. A 1978 abin ya shiga filin Dallas Cowboys, mai sharhin wasanni Howard Cosell ya ɗanɗana, sunan ya burge shi, ya riƙa maimaita shi a talabijin har Amurka duka ta ji. Ban raina wayon Liberto ba, ya san kasuwarsa. Sai dai ni a ganina abin da ya fitar daga cikin abincin shi ne wuta, kuma ita ce rabin daɗinsa.

A San Antonio, lokacin ina karatu, na fara cin na filin wasa, na ce a raina wannan ai ba abin da za a yi wa suna ba ne. Wani maƙwabcina, tsohon makaniki wanda iyayensa suka fito daga Coahuila, shi ya sauya min tunani. Muka fita kwana a wani daji na tuddan yammacin birnin. Ya hura wuta da itacen mesquite, wata ƙaya ce mai ƙarfi da ta cika yankin, garwashinta na daɗewa, hayaƙinta na da ƙamshi mai kaifi. Bai ɗora komai ba sai da harshen wutar ya mutu. Sannan ya ja rushi gefe guda da shebur, ya kafa baƙin kaskon ƙarfe mai nauyi a kai, ya shafa mai, ya jera tortiya soyayya, ya watsa cuku da ya goga da hannunsa, da ɗan wake, da jalapeño, ya sake jera wani hawa a sama. Ya rufe da murfi, ya kwashi garwashi ya zuba a kan murfin. Na tambaye shi dalili, ya ce in wutar ta tsaya a ƙasa kawai, gindi zai ƙone sama kuma bai san an yi ba. Wajen minti goma ya ɗaga. Tumatir da albasa da fiya sai bayan an sauke ya zuba, don ruwansu na jiƙa tortiyar ya kashe mata ƙaras-ƙaras. Ya kafe a kan cewa hawa biyu ya isa. Wanda ya tula ya yi tsauni, na ƙasa zai yi laushi na tsakiya kuma ba zai ga cuku ba.

Wannan dabara ta zuba garwashi a kan murfi ta girmi nachos nesa ba kusa ba. Ta makiyayan shanun yankin ce. Mutanen Meziko masu kiwo a kan dawakai, waɗanda ake kira vaqueros, su suka koya wa kaboyin Amurka sana'ar, har da igiyar jifa da sirdi. Bayan yaƙin basasar Amurka aka fara koro garkunan shanu daga Tekzas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na arewa, tafiyar watanni. A 1866 Charles Goodnight ya gyara wani keken dokin soja ya maƙala masa akwatin kayan girki a baya, ya zama kicin mai tafiya. Babban makamin kukun ayarin shi ne tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, mai murfi da baki a zagaye don riƙe garwashi. A ciki yake gasa burodi, ya dafa wake, ya soya nama. A kudancin Tekzas har yanzu ana gasa pan de campo, burodin sansani, a irin wannan tukunya, kuma a 2005 majalisar jihar ta ayyana shi burodin jiha, ita tukunyar kuma kayan girkin jiha. A gefen Meziko, manoman Coahuila da Chihuahua sukan toshe ramin tsohon faifan garmar tarakta, su mai da shi kasko, su soya nama a kan wutar itace.

Amma kada wani ya ruɗe ka da hoton kaboyi zaune bakin wuta yana cin nachos. Kora shanu ta hanyar ƙasa ta mutu tun kafin 1900, layin dogo da wayar shinge suka kashe ta, Anaya kuwa sai bayan shekara arba'in da ɗoriya ya shiga kicin ɗin nan. Waɗanda suka haɗa kaskon makiyaya da farantin Anaya 'yan birni ne masu mota, waɗanda kwanan daji ya zamar musu hutu. Su suka tarar da komai a shirye: tortiyar leda, wadda Rebecca Webb Carranza ta fara sayarwa da yawa a Los Angeles a ƙarshen shekarun 1940 daga karkatattun tortiyar da injinta ke zubarwa, takardar alminiyom ta Reynolds Wrap da ta shiga kasuwa a 1947, wadda ke maye gurbin murfi, waken gwangwani, da akwatin ƙanƙara. Abinci ne da ba ya son faranti ko cokali, kowa ya miƙa hannu cikin kasko ɗaya, kuma ko yaro zai iya haɗa shi. Ba su yi niyyar farfaɗo da wani tarihi ba, sauƙi suka nema. Duk da haka nasu ya fi na filin wasa kusa da na asali, tunda cuku na gaske ne, kuma wuta ce ta narka shi a gaban mai ci.

Ga ɗan'uwa da tafiya za ta kai shi Tekzas ko arewacin Meziko, aka gayyace shi bakin irin wannan wuta: dakakken waken da suke kira frijoles refritos sau da yawa da kitsen alade ake soya shi, jan naman nan chorizo ma na alade ne. Ka tambaya kafin ka sa hannu. In an ce akwai, roƙi a yi maka irin na Anaya, tortiya da cuku da barkono kawai.