Daga Ajin Yaƙi Da Jahilci Zuwa Wayar Hannu: Waiwaye Kan Karatun Gyara Kai

Duk malamin da ke koyarwa a makarantar sakandare a yau ya san irin tambayar da ɗalibai kan tare shi da ita idan an tashi daga aji, wato wace manhaja ce za su sa a waya wadda za ta taimake su su riƙa karatu, su tsara lokacinsu, har su zama wani abu a rayuwa. Tambayar tana da kyau, domin tana nuna akwai ƙishirwa. To, amma Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, saboda haka kafin mu ba su amsa, ya kamata mu duba yadda magabatanmu suka kashe irin wannan ƙishirwa a lokacin da littafi ɗaya kan zagaya unguwa guda.

Neman ilmi bayan mutum ya girma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun ilmi a zaurukan malamai, inda ɗan kasuwa da maɗinki da manomi kan zauna da asuba ko bayan la'asar, kowa da littafinsa, malami na karantawa yana fassarawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kai wannan tsari ga matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Takan zaɓi mata dattijai da ake kira jaji, ta koyar da su waƙoƙin da ta tsara, su kuma su koma garuruwansu su koyar da wasu. Abin lura a nan shi ne, ba a bar mai koyo shi kaɗai ba. Akwai jagora, akwai abokan zama, akwai kuma lokacin da kowa ya san za a haɗu.

Da karatun boko ya shigo, matsalar farko da aka fuskanta ita ce rashin abin karantawa. Yaro zai koyi haɗa baƙi, amma in ya bar makaranta babu littafin da zai riƙe, sai abin ya zube. Wannan ne ya sa Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga wannan gasa ne muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayansu sai Magana Jari Ce ta biyo. A watan Janairu na 1939 kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam na editanta. Jarida ɗaya ta kwabo takan wadatar da majalisa guda, domin mai iya karatu zai ɗaga murya ya karanta, sauran su kasa kunne, a kuma tattauna. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta wannan hanya jama'a da yawa suka riƙa jin labarin 'ya'yansu da aka kai fagen daga har ƙasar Bama.

Su kuwa matasan da suka yi boko, sai suka fara kafa ƙungiyoyin karatu da muhawara. Malam Sa'adu Zungur ya kafa irin wannan ƙungiya a Zariya. A Bauci kuma, cikin shekarun 1940, an yi wani zauren tattaunawa wanda ya haɗa shi da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da farko manufar ita ce kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa, amma da muhawara ta fara taɓa sha'anin mulkin En'e sai hukuma ta rufe zauren. Duk da haka iri ya riga ya faɗa ƙasa, domin daga cikin waɗannan masu karatu ne aka sami jagororin Jam'iyyar Mutanen Arewa da na NEPU. Ke nan wanda ya gyara kansa da karatu, ba ya daɗewa sai ya fara tambayar abin da ya hana garinsu gyaruwa.

A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da shahararren ƙudurinsa a Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, yana neman a yi wa mulkin En'e gyara. Daga cikin abubuwan da suka biyo baya har da gangamin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na cikin manyan waɗanda suka riƙe shi. Aka buɗe azuzuwan manya a birane da ƙauyuka, wasu a zaure, wasu a gindin bishiya. Dattawanmu da suka shiga waɗannan azuzuwa sun sha gaya mana dalilinsu, kuma dalili ne na zahiri: mutum yana so ya karanta rasidin harajinsa da kansa, ya gane abin da sikeli ya nuna ranar awon gyaɗa ko auduga, ya kuma rubuta wa ɗansa wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrin gidansa ba. Domin kada karatun ya zube, sai aka kafa hukumar NORLA a Zariya, wadda ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan kiwon lafiya da noma da sana'o'i da tarihi, tare da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya.

Sai dai NORLA ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 1959 saboda matsalar kuɗi da wahalar kai littattafai inda masu karatu suke. Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji yawancin littattafanta, amma ya fi mayar da hankali ga waɗanda makarantu ke saye. Manomin da ya karɓi takardar shaidar Yaƙi da Jahilci, in ya shekara biyar bai ga sabon abin karantawa ba, sai ka tarar sunansa kawai yake iya rubutawa. Wannan darasi ne mai ɗaci, kuma har gobe yana da amfani.

An sake yunƙurawa a 1980, lokacin da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda har ta sami yabo daga UNESCO. Wannan yunƙuri, haɗe da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, shi ya samar da dubban sababbin masu karatu, musamman mata a cikin gidajen aure. Da kamfanonin ɗab'i suka kasa wadatar da su, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu suna kaiwa kasuwa, masu shagunan haya kuma suna bayarwa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu misali ce babba. An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma ajin manya, ta zama marubuciyar Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. An yi ta sukar wannan adabi na kasuwar Kano, wasu sukan ma da gaskiyarsu, amma babu mai musun cewa shi ya hana karatun mutane da yawa zubewa.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, al'amarin ya juya. Yanzu ƙarancin abin karantawa ya kau. A cikin waya ɗaya ɗalibi na iya ajiye littattafan da suka fi na ɗakin karatun makarantarsu yawa, ya saurari labari a YouTube, ya duba ƙamus, ya bi littafi shafi-shafi a zaurukan WhatsApp. Akwai manhajojin da ke tuna wa mutum lokacin karatu, da masu ƙidaya masa awannin da ya ɓata yana latse-latse. Amma mu da ke tsaye gaban allo kullum muna ganin ɗalibin ajin ƙarshe da ba ya iya zama ya gama shafi uku a jere, alhali kakansa da fitilar aci-bal-bal ya sauke Magana Jari Ce. Abin da ya ɓace shi ne zama tare, da tsayayyen lokaci, da kuma sanin dalilin da ya sa ake karatun.

Saboda haka amsar da muke ba ɗalibanmu ita ce, su sa manhajar da suka ga dama, domin kayan aiki ce kamar yadda allo da tawada suke. Amma su nemi abokai huɗu ko biyar, su zaɓi littafi ɗaya, su tsayar da rana ɗaya a mako da za su zauna kowa ya faɗi abin da ya fahimta, a yi gardama a kai. Mu kuma malamai, mu buɗe ɗakunan karatun da muka bar wa ƙura da gara. Ku kuma 'yan'uwa marubuta, ku tuna cewa bayan labaran soyayya akwai buƙatar ƙananan littattafai cikin Hausa mai sauƙi a kan sana'a da lafiya da tattalin kuɗi, irin waɗanda NORLA ta fara ba ta ƙarasa ba. Idan ba mu rubuta su ba, yaran nan za su ci gaba da neman shawarar rayuwa a bakin waɗanda ba su san garinsu ba. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu dace.