Nauyin Bindigar Soja

A zamanin da, mayaƙan Katsina da baka da kibiya da mashi da takobi suka dogara, barade kuwa su sa sulke, a ɗaura wa dawakinsu lifidi. Ko a yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Katsina da Maradi bayan jihadi, bindiga kaɗan ce. Wadda ake da ita adaka ce, watau wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. In an harba sau ɗaya sai an tsaya an sāke ɗurawa, kafin nan mai doki ya iso. Irinta ce 'yan bindigar Sarki ke bugawa ran hawan Salla.

Turawa suka zo da wata iri dabam, wadda ake sa wa harsashi ta baya, da kuma bindiga mai ruwa. Da su suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Da labari ya iso Katsina, Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba. Gwamna Lugga ya shigo birni ta Ƙofar 'Yanɗaka a wannan shekara.

Bayan haka sai 'yan ƙasa suka shiga soja suka saɓa bindigar Ingilishi mai suna Lee-Enfield. Nauyinta wajen laba 9 ne, watau kilo 4, tana cin harsashi 10. Da ita sojan Nijeriya suka yi yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945. Ga nauyinta, ga na harsasai da guzuri, ga hawan duwatsu cikin ruwan sama.

Abin lura shi ne, nauyin bindigar soja bai sāke sosai ba, domin ƙarfin kafaɗar mutum bai ƙaru ba. Tsohuwar bindigar sojan Ingila mai ɗuri ta baki wajen laba 10 ce. AK-47, wadda Kalashnikov ya ƙera a Rasha cikin 1947, ita ma wajen kilo 4 ce, amma tana cin harsashi 30, tana kuwa zubo su kamar ruwa.

To, ita ce ta faɗa hannun ɓarayin daji a Dajin Rugu, suka hana talakawa noma da kiwo. Abin da dā sai rundunar Sarki ke iya yi, yau mutum ɗaya na iya yinsa. Allah ya kiyaye.