Antibodi: Kayan aikin gano jijiyoyin jini da iyayen ƙwayoyin jini

Antibodi wani nau'in furotin ne da garkuwar jiki ke samarwa domin kama baƙin abubuwa irin su ƙwayoyin cuta. Kowane antibodi abu guda yake ganewa ya manne masa, tamkar makulli da ƙwadonsa. Wannan hali ne ya sa masana suka mayar da shi kayan aikin bincike.

A shekarar 1975, Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar samar da antibodi iri ɗaya mai yawa a birnin Kambrij na Ingila, ta hanyar haɗa ƙwayar saifar ɓera da ƙwayar sankara mai hayayyafa ba tsayawa. Aikin ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1984.

A wannan shekarar ce kuma Curt Civin na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ya bayyana antibodin My-10, wanda ke kama wani furotin da aka sanya wa suna CD34. Ana samun furotin ɗin a jikin iyayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo, waɗanda daga gare su jajayen ƙwayoyi da farare ke fitowa. Su kuwa 'yan kaɗan ne, kuma da wuya a bambance su da sauran ta kamanni.

Masu bincike kan liƙa wa antibodin rini mai ƙyalli, sannan wata na'ura mai hasken leza ta ƙirga ƙwayoyin da ya kama. Haka kuma, idan aka shafa shi a siririn yankan tsoka, yakan fito da bangon ƙananan jijiyoyin jini, domin su ma suna ɗauke da CD34. Saboda wannan tarayya, akan haɗa shi da antibodin CD45, wanda ke kama fararen ƙwayoyin jini amma ba ya kama bangon jijiya.

Amfaninsa ya fi fitowa fili wajen dashen ɓargo, inda likitoci kan nemi aƙalla ƙwayoyi miliyan 2 masu CD34 ga kowane kilogiram na nauyin majinyaci, domin idan sun yi ƙaranci dashen na iya ƙin kamawa. Irin wannan dashe na iya warkar da sikila, kuma a 2011 aka fara yin sa a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.